Tiyatar Rumbun Yaya

Ranar Alhamis da ƙarfe goma saura kwata na safe Yaya ta goge mikiya.

Ba da gangan ta yi ba. Shagon surfani gare ta a jerin shagunan da ke ƙasan wani dogon bene, da injin da ba ya ɗinka komai sai an ba shi zanen a fayil. Duk zanen da ta tara tun ranar da ta buɗe shagon, furannin wuyan riga da bajon makarantu da haruffa masu lanƙwasa, suna cikin rumbun ajiya guda ɗaya, wani ɗan baƙin akwati kamar tafin hannu, wanda ake jona wa kwamfuta da kebul. A safiyar tana share tarkace, hannunta ya haɗa da foldar ƙungiyar direbobi. Ta tura ta kwandon shara, ta kuma zazzage kwandon, don ita mace ce da ba ta barin shara ta kwana. Sai da ta tashi ɗora rigar farko a kan injin, ta nemi tambarin ƙungiyar, mikiya riƙe da sitiyari, ta tarar wayam. Rigunan kuwa ga su nan jibge a kan tebur, farare fes, kuma da la'asar Ciyaman ɗin ƙungiyar zai zo ganin samfuri.

Ta kira Madam mai gyaran kwamfuta, ta buɗe muryar wayar ta ajiye ta a kan tebur.

"Kwantar da hankalinki," in ji Madam. "Zare kebul ɗin yanzu. Kada ki ƙara wa rumbun nan komai, ko hoton ƙuda. Ina wajen wani aiki, da yamma zan biyo."

Duk abin nan a kunnen ƙanenta, autan gidansu, mai tebur a bakin ƙofar shagon inda yake manna wa wayoyi gilashi yana sayar da caja. Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ranar da ya busa ramin cajin wata waya ta kama caji.

Ya leƙo. "Yaya, ina raye, ina numfashi, ki kira bare?"

"Auta, koma kan teburinka."

"A gaban jama'a Injiniya, Yaya. Aikin nan fa ko ina barci aka tashe ni zan yi shi."

"To yi barcinka, ba wanda zai tashe ka." Ta saka rumbun a aljihun tebur, ta kulle, ta rataya makullin a ƙusar da take rataye shi kullum. "Zan je babbar kasuwa sayo zare mai ruwan zinariya, sai wajen la'asar zan dawo. Ka kula min da shago. Ka kula da ido, ban ce da hannu ba."

Ko kwanar layin ba ta sha ba makullin ya sauko daga ƙusa.

Injiniya ya riga ya gama lissafinsa. Kafin Yaya ta dawo mikiya za ta dawo. Labari zai zaga benen sama da ƙasa. Daga nan sai ya yi sallama da manna gilashi, ya kama shago mai ƙofar gilashi, a rubuta Cibiyar Ceton Bayanai a sama, Madam kuma ta zo neman aiki a ƙarƙashinsa, ya ce ta dawo gobe. Sai dai aikin gwaninta ba ya daɗi babu shaida. Ya ƙwala wa maƙwabta kira, mai aski na dama da Gwaggo mai lemo ta hagu.

"Ku matso ku sha ilimi kyauta," ya ce, yana ɗaga rumbun sama kamar kofin gasa. Ya taɓa kallon bidiyon darasi a kan abin, kuma Allah ya ba shi baiwar haddace magana. "Wannan da kuke gani gidan haya ne, ɗakunansa ba sa ƙirguwa, kowane ɗaki sunansa sakta. Idan aka goge fayil, ba korar ɗan haya aka yi ba. Sunansa kawai aka kankare daga jikin ƙofa. Yana nan ciki yana shan iska."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "To shi bai san an kankare shi ba?"

"Ina zai sani, Gwaggo?"

Mai aski ya soke mataji a gashinsa. "To, Injiniya, me ke fitar da shi?"

"Sabon ɗan haya! Da zarar an zuba sabon abu, sai ya haye ɗakin wancan, shi ke nan, har abada. Nan jahilai ke tafka asara."

Ya jona rumbun a kwamfutar Yaya, ya nemo manhajar ceton fayil, ya danna saukewa. Kwamfuta ta ce cikinta ya cika, babu wuri. Injiniya ya duba nan, ya duba can, sai idonsa ya faɗa kan rumbun. Ga fili fetal. Ya zuba manhajar a ciki. Ya ƙara da bidiyon darasin, kashi na ɗaya da na biyu, don tuni. Da ya ga binciken zai ɗauki lokaci, ya haɗa da wani dogon wasan kokawa don kada baƙinsa su gaji da zama.

Mai aski ya karkata kai. "Waɗannan da kake ta turawa ciki fa? Ba 'yan haya ba ne?"

"Ma'aikata ne. Ka taɓa ganin an kira mai fenti ɗan haya?"

"Shi ɗan kokawar fa?"

"Mai gadi ne. Malam, ka tsaya ga askinka."

Manhaja ta yi ta laluben ɗakuna, kokawa ta yi nisa, Gwaggo har ta zaɓi gwaninta. Can sai ga jerin fayiloli sun zubo, ba mai suna ko ɗaya, sai lambobi kamar motoci a tasha.

"Wacce ce tsuntsuwar?" in ji Gwaggo.

Injiniya bai sani ba, amma bai ga dalilin da zai sa wani ya san bai sani ba. "Mikiya babbar tsuntsuwa ce. Fayil ɗinta ba zai zo ƙarami ba." Ya zaɓi mafi girma, ya ceto shi, ya ajiye shi a cikin rumbun dai, sannan ya kwafa a filashi ya soka wa injin surfani. Ya sha ganin Yaya tana gwaji a kan tsumma kafin ta taɓa kayan mutane, amma a ganinsa tsumma na masu shakka ne. Ya zaro riga mafi faɗi, wadda aka liƙa wa takarda aka rubuta Ciyaman, ya ɗaure ta a zoben injin.

"Zaren fa ruwan hoda ne," in ji mai aski.

"Launi ba ya hana tsuntsu tashi."

Injin ya kama aiki. Abin mamaki, sai ga baki mai lanƙwasa ya fito. Ga ido. Ga kai, ga fiffike ɗaya ya miƙe. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Mai aski ya cire mataji daga kansa don girmamawa. Injiniya ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya lumshe ido, yana jin iskar fankar sabon shagonsa.

Daga nan allura ta haukace. Inda sitiyari ya kamata ya zauna, ɗan kokawa ya riga ya tare, abin da ya rage na fayil ɗin shirme ne zalla. Allura ta zabura hagu, ta dawo dama, ta tsaya wuri ɗaya tana sara har zare ya yi tudu, sannan ta tsallaka ta kama hannun rigar da ya zamo ciki ta ɗinke shi da ƙirji.

"Wayyo," in ji Gwaggo. "Kaza ce mota ta take."

Injiniya ya yi tsalle zai kashe injin, ƙafarsa ta sarƙe da kebul. Rumbun, yana tsakiyar juyi, ya bar tebur ya sauka a kan tayil. Tim.

Ya ɗauke shi, ya hure shi, ya sake jonawa. Maimakon ɗan gurnanin da ya saba yi, sai aka ji ƙas, ƙas, ƙas.

"Ya mutu?" in ji mai aski.

"Shaƙuwa ce. Zafi ya yi masa yawa. A ƙasashen da suka ci gaba firiza ake saka shi."

"Wace firizar?" Gwaggo ta miƙe. "Ɗan nan, firizata ta lemo ce, ba asibiti ba."

"Gwaggo, gobe in ana ba da tarihin nan, za a ce a firizarki aka yi."

Wannan ya ɗan shige ta. Injiniya ya kwance rigar Ciyaman daga injin, ya naɗe rumbun a ciki, jifa ɗaya tsuntsu biyu, ga naɗi ga ɓoye ɓarna, ya cusa ƙunshin a ƙarƙashin kwalabe. Suka zauna jira. Wani ya zo aski, mai aski ya ce masa ya zauna ya ga abin da ya fi aski. Wata ta zo sayen lemo, ta tsaya. Mai gadin benen ya jawo kujerarsa. Kafin a ce me, ƙofar shagon Yaya ta cika.

Da aka ciro rumbun, sanyi ƙarara, sai ya fara tsattsafo da ruwa ta ko'ina.

"Ga shi nan yana gumi," in ji Gwaggo. "Zazzaɓin ya sauka."

"Kin fara ganewa," in ji Injiniya, ko da yake ruwan bai yi masa daɗin gani ba. Ya aiki mai aski ya kawo na'urar busar da gashi, ya murɗa ta har ƙarshe, ya yi ta gasa rumbun har ya gagari riƙewa, yana jefa shi daga hannu zuwa hannu.

"Ɗazu ka ce zafi ne ciwonsa," in ji mai aski.

"Wancan zafin ciki ne. Wannan na waje ne. Kada ka haɗa."

Ya jona. Ƙas, ƙas, ƙas, har ya fi na ɗazu ƙarfi. Sai wani ɗan akwatin rubutu ya fito a fuskar kwamfuta.

"Me take cewa?" in ji mai gadi.

"Tambaya take ko a yi fomat. Wato a rushe jerin sunayen gidan gaba ɗaya, a mai da shi kamar ba a taɓa zama ba." Ya juyo ya fuskanci taron. "Da wani ne, da ya danna e. Ni kuwa, ku duba." Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a hankali a kan a'a. Ya jira tafi. Mutum biyu suka tafa.

Amma rumbun bai buɗe ba. Yanzu ba mikiya kaɗai ba, furanni da bajo da haruffa duk sun yi ɓatan dabo. Injiniya ya tuna fuskar Yaya. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Wanda ya tara mutane ba ya cewa a tashi.

"Ba makawa," ya ce. "Sai tiyata."

Ya fasa robar waje, ya zaro ƙarfen ciki, ya kawo 'yan sukundirebobinsa na waya. A jikin murfin akwai takardar gargaɗi. Wata ɗaliba a cikin taron ta leƙa ta karanta, ta ce an rubuta kada a buɗe.

"Don matsorata aka rubuta, ƙanwata."

Ya kwance kusoshin da ya gani, murfi ya ƙi tashi, don akwai wata a ɓoye ƙarƙashin takardar. Ya karɓi almakashin mai aski ya banƙare shi. Murfin ya lanƙwashe ya buɗe, taron ya ce, "Kai!"

A ciki ga wani faifai zagayayye yana sheƙi, ya fi kowane madubi a benen haske. A gefensa ga ɗan siririn hannu na ƙarfe ya kwanta a kansa.

"Wannan shi ne faifai," in ji Injiniya, muryarsa ta dawo. "Duk ɗakunan a kansa suke. Wannan hannun kuma a bakinsa akwai allurar karatu. Ba ta taɓa faifan ko kaɗan, shawagi take yi a samansa, tazarar ba ta kai silin gashi ba. Ƙwayar ƙura ɗaya a wurinta dutse ce. Shi ya sa ba kowa ke buɗewa ba."

Mai aski ya sunkuyo yana duba gashin bakinsa a faifan, guntayen sumar mutane suna zubowa daga rigar aikinsa. Gwaggo ta miƙo yatsa ta dangwala.

"Santsi gare shi kamar faranti."

"Gwaggo! Kin san abin da kika taɓa? Wata unguwa guda kika danne!" Ya tofa ɗan yawu, ya goge shaidar yatsan da gefen rigarsa, ya busa gashin, wasu suka fita, wasu suka ƙara shigewa. Sannan ya tura siririn hannun da farce. Ya ji shi da ɗan tauri.

"Ga ciwon nan," ya ce. "Tsatsa. Duk ƙarfen da ya ƙi motsi mai yake nema."

Ya ɗauko kwalbar man keken Yaya. Ya ɗiga a gindin hannun. Ya ɗiga a tsakiyar faifai. Ya tuna alheri ba ya yawa, ya matsa kwalbar sosai.

Daidai nan taron ya dare biyu. Yaya ce, riƙe da ledar zare, a bayanta Ciyaman, wanda suka haɗu da shi a bakin get, ƙaton mutum cikin fararen kaya da tabarau, da 'yan rakiyarsa biyu. Yaya ta ga aljihun tebur a buɗe. Ta ga almakashi. Ta ga cikin rumbunta a waje yana ninƙaya a mai. Ledar ta faɗi.

"Auta."

"Yaya, kin zo a daidai! Ranka ya daɗe, matso gaba, wurin manya ne."

"Auta, ajiye kebul ɗin nan."

"Saura jonawa kawai, Yaya."

"Na ce ka ajiye!"

Ciyaman, da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya matso ya sunkuya. "Mikiyarmu tana ciki ke nan?"

"Yanzu za ta tashi, ranka ya daɗe."

Ya jona.

Faifai ya ɗauki gudu. Man da ke kansa ya tashi a zagaye, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe kamar an sa ma'auni: ya bi ƙirjin Ciyaman, ya ratsa 'yan rakiya, ya shafi mayafin Gwaggo da bango da kalanda, ya sauka a kan tulin fararen riguna. Ciyaman ya ɗago, zagaye na biyu ya same shi a tabarau. Sannan aka ji ƙiiiii, irin ƙarar cokali a gindin tukunya, har mutane suka toshe kunne. Allura ta nutse a faifan tana noma shi. Wani zobe mai launin toka ya bayyana a kan madubin, ya yi faɗi, ya ƙara faɗi. Faifai ya rage gudu, ya yi ɗan tari, ya tsaya.

Duk idanu suka koma kan Injiniya.

"Wannan ƙarar," in ji Injiniya a hankali, "alama ce ta yana karatu da ƙarfi."

"Karatun gidanku!" Yaya ta ciro takalmi. Mai gadi ya shiga tsakani.

Ciyaman ya cire tabarau yana neman inda zai goge, bai samu wuri mai tsabta a jikinsa ba. "Hajiya, ni samfuri na zo gani."

"Af, samfuri!" in ji Gwaggo. Ta fita da sauri, ta dawo da rigar da aka manta a firiza, ta daskare ta yi ƙyam kamar katako. "Ga shi, Alhaji. Ka yi haƙuri, da ɗan sanyi."

Ciyaman ya riƙe rigar da hannu biyu. Ga takarda da sunan muƙaminsa. Ga kai mai ruwan hoda da fiffike ɗaya, ga tudun zare, ga hannun riga ɗinke a ƙirji kamar mai rantsuwa.

"Mene ne wannan?"

"Mikiya ce, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "A sabon salo."

"Ina sitiyarin?"

"Ta sauka ne. Tana hutawa."

Ɗaya daga 'yan rakiyar ya kasa riƙe dariya, ya mai da ita tari. Daga bayan taron wani ya fashe, sai kowa ya bi, har ɗalibar tana riƙe ciki.

Cikin wannan hali Madam mai gyaran kwamfuta ta iso da jakarta a kafaɗa, tana neman hanya. Ta tsaya a gaban teburin. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya buɗe?"

Yatsu suka nuna wuri ɗaya.

"Abokiyar aiki, sannu da zuwa," in ji Injiniya. "Na ɗan fara rage miki hanya."

"Ka zuba wani abu a ciki kafin ka buɗe?"

"Ma'aikata kawai."

"Da ɗan kokawa," in ji mai aski.

"Ya faɗi?"

"Ya ɗan zauna a ƙasa."

"Ruwan nan fa?"

"Gumi ne," in ji Gwaggo. "Bayan mun fito da shi daga firiza, kafin a gasa shi."

Madam ta shafa faifan da yatsa, ta shinshina. "Man keke?"

"Mai kyau ne," in ji Injiniya. "Na waje."

Yaya ta zauna a kan kujerar injin, takalmi ɗaya a hannu. "Madam, ki gaya min gaskiya. Me za a samu?"

"Da safe, kafin shayinki ya huce da na fito miki da ita. Bayan kokawa, watakila rabi. Bayan faɗuwa, sai a tura shi wurin masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga, a yi addu'a." Ta karkata faifan ga haske, ta nuna zoben tokar. "Wannan garin da kike gani, zanenki ne. Kina da kwafi a wani wuri?"

"Shi ne kwafin. Shi ne asalin."

"Ni ma abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Injiniya. "Rashin ajiye kwafi babban kuskure ne, Yaya. Kullum ina gaya wa mutane."

Wannan karon mai gadi bai shiga tsakani ba.

Ba a ceto ko fayil ɗaya daga rumbun ba. Ciyaman ya kwashe rigunan da mai bai taɓa ba ya kai wani shago a bayan tasha. Yaya ta sayi rumbu biyu, ta bi tsofaffin abokan cinikinta tana aron kayan da ta taɓa yi musu, tana sake zana su ɗaya bayan ɗaya. Teburin Injiniya kuma aka mayar da shi ƙarshen layi, kusa da mai faci.